Jirgin ƙasa bisa tebur, kyanwa bisa hanya

A Turai da Amurka da Japan akwai magidanta da dattawa waɗanda ke kashe dukiya da shekaru wajen gina ƙananan hanyoyin jirgin ƙasa cikin ɗakunansu. Babu mai yi wa wannan aiki ɓarna kamar kyanwa da kare. Duk da haka, da yawa cikin masu jiragen sun ƙi rufe wa dabbobin ƙofa.

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane cikin gidajensu, wani ɗan gidan abinci da ke birnin Osaka na ƙasar Japan, mai suna Diorama Shokudo, ya kusa rufewa. Abin da ke jawo masa masu ciniki a da shi ne wani ƙaramin gari da aka gina cikin zauren cin abincin, da tuddai da gadoji da tashoshi, ƴan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki suna zagayawa, mutane na ci suna kallo. Ana cikin wannan rashin ciniki ne mai gidan ya karɓi wani jaririn kyanwa da aka tsinta a unguwar, ba jimawa kuma uwar ta bayyana da sauran ƴaƴanta. Mutumin da ke tunanin yadda zai biya kuɗin haya ya ƙara wa kansa bakunan ciyarwa.

Kyanwoyin kuwa ba su nemi izinin kowa ba suka haye bisa ƙaramin garin, wannan ta kwanta a tasha, waccan ta tare bakin gada. Mai gidan ya ɗauki hotunansu ya sa a intanet. Hotunan suka bazu har wajen Japan, masu ciniki suka dawo, galibinsu don kallon kyanwa. Mutanen ƙasar dama sun saba haɗa kyanwa da jirgi: a watan Janairu na 2007 wani kamfanin jirgin ƙasa na jihar Wakayama ya naɗa wata kyanwa mai suna Tama shugabar tashar Kishi, har da hula, ta kuma riƙe muƙamin har mutuwarta a 2015.

Wasan yara a hannun manya

Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya zauna da kara yana harhaɗa mota, yana gyara mata ƙafafu har magariba, ya san tushen abin. Bambancin shi ne a can manya suka karɓe wasan, masana'antu kuma suka shigo ciki. Kamfanin Märklin, wanda aka kafa a garin Göppingen na Jamus a 1859, shi ya nuna a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891 ƴan jirage masu tafiya bisa hanyar ƙarfe wadda ake iya ƙara mata tsawo guntu bayan guntu. Lionel ya biyo baya a Amurka a 1900, Hornby ya fito da nasa jiragen a Ingila a 1920, aka kafa Jouef a Faransa a 1944.

Kowane abu da ma'auninsa. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira H0: ana rage girman jirgin gaskiya sau 87, faɗin hanyar kuma milimita 16,5 ne. Akwai ma'aunin N, mai ragi sau 160, akwai kuma Z da Märklin ya fito da shi a 1972, mai ragi sau 220, wanda kan jirginsa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. A birnin Hambur na Jamus, gidan kallo na Miniatur Wunderland da wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001 yana da hanya fiye da kilomita 16 shimfiɗe bisa tebura.

Abin yana cin kuɗi, yana kuma cin lokaci. Kan jirgi guda mai kyau na Märklin yakan kai yuro 300 zuwa 500, wato wajen jikka 200 zuwa sama da jikka 300 na sefa, ban da taragu da hanya da gidaje. Mawaƙin nan na Ingila, Rod Stewart, ya bayyana a 2019 cewa ya yi fiye da shekara 20 yana gina nasa ƙaramin birnin. Ma'aikacin da ya yi ritaya ba shi da aljihun mawaƙi, amma shekarun da yake zubawa cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko saman rufin gidansa ba su gaza haka ba.

Dodo ya shigo gari

To, cikin wannan duniya ta milimita ne kyanwa ke shigowa. Lissafin mai sauƙi ne. Kyanwa mai tsawon jiki santimita 45, idan aka auna ta da ma'aunin H0, daidai take da dabba mai tsawon mita 39. Tsayinta na santimita 25 ya zama kusan mita 22, wato bene mai hawa 7. Idan ta yi miƙa, unguwa guda ta rushe. Idan ta kaɗa jela, turakun waya da aka kwana uku ana jerawa sun kwanta.

Ba mugunta ke kawo ta ba, halinta ne. Kyanwa na son wuri mai tudu inda za ta ga kome, tana son ɗumi, akwatin rage ƙarfin wuta da fitilun teburin kuwa suna ba da ɗumi. Tana barci awa 12 zuwa 16 a yini, kuma ba ta tambayar ko wurin kwanciyar hanyar jirgi ce. Sannan ga farauta: kan jirgi na ma'aunin N bai fi ɓera girma da yawa ba, yana gudu yana ƙara, ya shiga kogon dutse ya ɓace, ya ɓullo ta wani ramin. Duk kyanwar da ta ga haka ta zauna shiru, to, ba ta da lafiya. Mari guda ya isa ya jefo kan jirgin jikka 300 daga tebur zuwa daɓe. Tsakuwar da ake barbaɗawa tsakanin ƙarafan hanya ma wata fitina ce, don ta yi kama da yashin da ake zuba wa kyanwa cikin akwatin bayan gidanta.

Ɓarnar da ta fi ci wa masu jiragen rai, ita ce wadda ido ba ya gani da wuri. Silin gashi mai santimita 4, a ma'aunin H0, kamar igiya ce mai mita 3 da rabi a gicciye bisa hanya. Gashin yakan naɗe a ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun jirgi, ya shiga tsakanin haƙoran inji, ya haɗu da mai ya zama dunƙule. Da yake wutar lantarki ta cikin ƙarafan hanya take bi ta shiga ƙafafu kafin ta kai ga inji, ƙazanta kaɗan ta isa ta sa jirgi ya riƙa tsayawa yana fizga. Mai kyanwa ba ya rabuwa da hantsaki da tsumman goge hanya.

Kare kuwa nasa salon daban ne. Ba ya hawa tebur, amma jelarsa na share duk abin da ke daidai tsayinta, kwikwiyo kuma ba ya ƙyale abin da ya faɗo ƙasa sai ya tauna shi. A Amurka, inda aka saba shimfiɗa hanyar jirgi a ƙasa kewaye da itacen Kirsimeti, kare ne babban mai tare hanya. Haka nan ga masu manyan jiragen lambu, irin waɗanda kamfanin LGB na Jamus ya fito da su a 1968, masu faɗin hanya milimita 45: kare yakan tone ƙasar da ke ƙarƙashin hanya, ko ya kwanta bisa kanta yana shan hantsi.

Haɗarin da ke kan dabbar

Ɓarnar ba gefe guda take bi ba. Ɗakin mai jirage cike yake da abubuwan da za su iya kai dabba ga likita. Wutar da ke cikin ƙarafan hanya galibi ba ta wuce volt 12 zuwa 20 ba, ba ta kisa. Amma wayar da ta taho daga bango tana ɗauke da volt 230 a Turai, kwikwiyon da ya tauna ta kuwa ya gamu da babbar masifa. Akwai dalmar liƙe waya, wadda wani irinta ke da guba. Akwai fenti da ruwan tsinka shi. Akwai wani gam mai kumfa wanda idan kare ya haɗiye shi yakan kumbura ya daskare cikin ciki, sai an yi masa aiki. Akwai ƙananan batura da ƴan guntayen maganaɗisu. Ga kyanwa, zare da siririyar waya sun fi kome haɗari, don idan ta haɗiye su sukan tattare hanji har su yanka shi.

Har ƙara ma tana da nata. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce hertz dubu 20, kare yana kai wa wajen dubu 45, kyanwa kuma dubu 60 da ƴan kai. Ƴar na'urar da wasu ke wanke ƙananan ƙarafa da ita tana aiki a wajen hertz dubu 40: mai ita yana jin ɗan zuu kawai, dabbar kuwa ta bar masa ɗakin.

Me ya hana a rufe ƙofa?

Maganin duk wannan a fili yake, ƙofa ce da makulli. Wasu kuwa haka suke yi. Amma da yawa sun gwammace su wahala. Sukan ɗaga teburin ya kai ƙirjin mutum. Sukan kewaye shi da gilashin roba, ko su rufe shi da zane idan sun gama. Wasu sukan bi jikin bango da katako siriri su gina hanyar a kansa, yadda babu filin kwanciya. Wasu kuma, da suka gane kyanwa ba ta jin hani, sukan kafa mata nata dandamali a kusurwa, sama da teburin, da ɗan bargo, ta kwanta tana kallon jirage kamar mai duba aiki.

Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Dalilin wannan kiwo yana cikin yadda zaman can ya koma. A Jamus, wajen gida 4 cikin 10 mutum guda ne ke zaune cikinsa. Kaɗaici ya kai matsayin da gwamnatin Ingila ta ɗora wa wata minista alhakin yaƙi da shi a 2018, Japan ma ta yi haka a 2021. A Jamus ɗin, ƙididdigar 2023 ta nuna kyanwoyi fiye da miliyon 15 da karnuka fiye da miliyon 10 cikin gidaje, ga shi kuwa mai kare har haraji yake biya wa hukumar gari saboda karensa.

Masu wasan jirage galibi maza ne, da yawansu sun manyanta. Aikin na mutum ɗaya ne, cikin ɗaki mai nisa da sauran gida, kai sunkuye, awa huɗu ko biyar ba magana. Wanda ƴaƴansa suka watse, ko matarsa ta rasu, yana iya yin kwanaki bai ji muryar kowa ba in ba ta rediyo ba. A garin da ya gina, kome na bin umurninsa: ya murɗa, jirgi ya tashi, ya murɗa, ya tsaya. Mutanen da ke jira a tasha an liƙe ƙafafunsu da gam, shekara 10 suna jiran jirgi guda. Kamfanin Preiser na Jamus, mai ƙera irin waɗannan ƴan mutane, har karnuka da kyanwoyi yake yi, kare mai tsayin milimita 7, wanda ba ya haushi, ba ya zubar da gashi, ba ya kuma tarbar kowa a bakin ƙofa.

Dabba mai rai ita kaɗai ce cikin ɗakin ba ta bin jadawali. Kare ba ya yarda a wuce lokacin fitarsa. Sau biyu ko uku a yini sai ya tashi maigidan daga kujera, ya fitar da shi titi, ya sha iska, ya gaisa da maƙwabta. Kyanwa idan lokacin abincinta ya yi, sai ta zo ta zauna bisa abin da ake aiki a kansa. Dattijon da ya manta da cin abincin rana saboda wata ƴar gada, ita ke tuna masa cewa rana ta yi.

Turawan Ingila sun mai da wannan zama abin dariya. A fim ɗin ƴan tsana na yumɓu mai suna The Wrong Trousers, wanda Nick Park ya yi a 1993, ya kuma ci kyautar Oscar a 1994, kare mai suna Gromit ya hau ƙaramin jirgin da ke zagaya gidan maigidansa yana bin ɓarawo, da hanya ta ƙare sai ya ɗauki kwalin guntayen hanya yana jera su a gaban jirgin ana cikin gudu. Masu jirage suna son wannan wuri ƙwarai, ko da yake karnukansu na gaskiya kwashe hanya suka iya.

A Osaka, mai gidan abincin bai tsaya ga kyanwoyin farko ba. Bayan ciniki ya dawo, ya ware wuri don karɓar waɗanda aka yar a titi, ya kuma samar wa da dama daga cikinsu gidajen da za su riƙe su. A sauran ɗakunan da ba a ɗaukar hoto kuwa, abin da ke faruwa bai wuce wannan ba: jirgi ya fito daga kogo, ya tarar da kyanwa kwance a gicciye tana barci. Maigidan ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ya dubi agogo, ya ga babu fasinjan da ke sauri. Sai ya kashe wuta, ya jawo kujera, ya jira ta farka.