Mutumin da ya hango ƙurar hunturu daga sama

Mu mutanen Talaje mun saba da ƙarar jirgin sama, tun da filin jirgi na Diori Hamani yana kusa da mu. Yaro ma ba ya ɗaga kai in jirgi ya wuce. Amma in aka ce mutum ya je wata, sai gardama ta tashi a fada. Wani ya ce ƙarya ce ta Turawa. Wani ya ce ko gaskiya ne, ina ruwanmu? To, akwai ruwanmu. Ƙasar Hausa ma ta sa hannu cikin aikin tun farkonsa.

Ina ne sararin samaniya?

Ba shi da nisa kamar yadda muke zato. In mutum ya yi sama kilomita 100, iska ta kusa ƙarewa, ya shiga sararin samaniya ke nan. Bai ma kai nisan Yamai zuwa Doso ba. Wuyar ita ce gudu. Kumbo, wato abin hawan da ake zuwa can da shi, sai ya yi gudun kilomita 28.000 a awa ɗaya kafin ya iya kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba. Da wannan gudu yana gama kewaye ɗaya cikin awa ɗaya da rabi.

Mutum na farko da ya yi wannan tafiya shi ne Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet, ran 12 ga Afrilu 1961. Ya kewaya duniya sau ɗaya, ya sauko lafiya bayan minti 108. Abin ya yi wa Amurka zafi, don a zamanin ƙasashen biyu suna gasa a kan kome.

Tashar Kano

Amurkawa suka shirya nasu mutumin, amma akwai matsala. Duniya ƙwallo ce. Da kumbo ya ɓace a bayanta, rediyon da ke Amurka ba ya jin sa. Sai suka kafa tashoshi 18 kewaye da duniya, wasu a tudu, wasu cikin jiragen ruwa. Ɗaya tana Zanzibar, ɗaya kuma tana Kano. Kowace tasha takan ji muryar matuƙin na ƴan mintoci, ta duba bugun zuciyarsa da lafiyar kumbon, ta aika labari Amurka, sannan tasha ta gaba ta karɓa. Kamar yadda ayari ke wucewa daga zango zuwa zango.

Ran Talata 20 ga Fabrairu 1962, cikin watan azumi, John Glenn ya tashi daga Florida. Bayan minti ashirin da ƴan kai, ya ƙetare teku, yana bisa ƙasar Hausa. A nan la'asar ta yi. Ya leƙa ta taga, ya gaya wa ma'aikatan Kano yana ganin ƙura ta taso a ƙasa. Suka ce masa gaskiya ne, an yi mako guda ana iska mai ƙarfi. Ƙurar hunturu ce, wadda muka sani, mai fasa leɓe da ƙafa.

Tafiyar ba ta yi sauƙi ba. Na'urar da ke daidaita kumbon ta samu cikas, dole ya riƙa tuƙi da hannu. Wata alama kuma ta nuna wai garkuwar da ke tsare shi daga zafin saukowa ta kwance. Da gaskiya ne, da ya ƙone ƙurmus. Ashe alamar ce ta yi kuskure. Ya kewaya duniya sau 3, ya faɗa cikin teku da lema bayan kusan awa 5, jirgin ruwa ya tsamo shi.

Zuwa wata

Wata yana da nisan kilomita 384.000, tafiyar kwana 3 a kumbo. A Yuli 1969 Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka shi. Daga nan zuwa 1972 mutum 12 suka sauka can, suka kawo duwatsu da ƙasa kilo 382. Tun daga lokacin ba wanda ya sake taka shi.

Ga mai shakka, ga abin dubawa. Sun bar madubai a kan watan, har yau masana suna harba musu haske daga duniya ya dawo. A 2009 wani kumbo marar matuƙi ya ɗauki hotunan wuraren da suka sauka. Kuma ƴan Sobiyet, abokan gabarsu, suna da na'urorin bin diddigi. Da ƙarya ce, su za su fara tona ta, da murna ma.

Wahalar zama a can

Tun Nuwamba 2000 akwai mutanen da ke zaune cikin wata babbar tasha da ke kewaya duniya, ana canza su bayan kamar wata 6. Tana sama da mu da kilomita 400, kusan nisan Yamai zuwa Ƙonni. A cikinta ba abin da ke da nauyi. Mutum yana shawagi, ruwa yana dunƙulewa kamar ƙwai. Kallo da daɗi, amma jiki ba ya so. Ƙashi yana raguwa, tsoka tana saki. Shi ya sa kowa ke motsa jiki awa 2 kullum. Duk da haka wasu in sun dawo sai an tallafe su.

Ruwa kuwa, ba garuwa mai kai musu. Gumi da fitsari ake tacewa da na'ura, a mai da su ruwan sha. Rana tana fito musu sau 16 cikin awa 24. To, musulmi yaya zai yi salla? Tambayar ta taso da gaske. A 2007 wani likita ɗan Maleshiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je can cikin azumi. Malaman ƙasarsa suka zauna, suka ce ya bi lokutan wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon ikonsa.

Akwai kuma waɗanda ba su dawo ba. A 1971 ƴan Sobiyet 3 sun rasu a hanyar dawowa, iskar kumbonsu ta zurare. A 1986 kumbon Challenger ya tarwatse bayan daƙiƙa 73 da tashi. Mutum 7 suka mutu, cikinsu har da wata malamar makaranta da ta shirya koyar da yara darasi daga sama. Wata robar toshe kafa ce ta sandare saboda sanyi. Injiniyoyi sun yi kashedi, ba a saurare su ba. A 2003 wasu 7 suka sake mutuwa cikin kumbon Columbia.

Me talaka ya samu?

A faɗi gaskiya, ba don talaka aka fara ba, don nuna ƙarfi ne. Zuwa wata ya ci wa Amurka dala miliyan dubu 25 na wancan zamani. Mai cewa da an haƙa rijiyoyi da kuɗin bai yi wauta ba.

Amma gasar ta sa aka ƙware wajen harba abubuwa sama, kuma daga nan rabonmu ya fito. A ganina abin da ya fi yi mana amfani ba mutum a cikinsa: tauraron ɗan'adam ne. Bayan farin da ya yi ɓarna a Sahel, an kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Ma'aikatanta suna duba hotunan da waɗannan taurari ke aikowa, su ga inda ruwa ya sauka, inda ciyawa ta fito, da inda fara za ta iya hayayyafa. Faranti da ke bisa rufin maƙwabcinka, wanda ake kallon ƙwallo da shi, shi ma da tauraro yake magana. Haka taswirar da ke cikin wayar mai taksi.

Ita kuwa tashar da mutane ke ciki, kana iya ganin ta da idonka. Wasu ranaku, bayan magariba ko kafin asuba, takan ratsa samaniyar Yamai kamar tauraro mai haske ƙwarai. Jirgin da zai sauka a filinmu fitilarsa tana ƙyaftawa, kuma yana ƙara. Ita ba ta ƙyaftawa, ba ta ƙara, tana tafiya santal har ta ɓace cikin minti biyar ko shida.