Matar Soja da Ƙofar Aikin Gwamnati a Amurka

Duk wanda ya shiga aikin soja a ƙasar Amurka sai ya ɗaga hannunsa na dama ya yi rantsuwa cewa zai kare tsarin mulkin ƙasar, kuma daga wannan rana ba shi da sauran ta cewa game da garin da zai zauna, domin a al'adar rundunar, bayan kowace shekara 2 ko 3 takarda takan zo ta ɗauke shi daga wannan bariki ta kai shi wancan, bana yana hamadar Kalifoniya, baɗi waccan yana Jamus, daga can kuma sai tsibirin Okinawa na Japan. Matarsa ba ta yi rantsuwa ba, ba ta sa kaki ba, sunanta kuma ba ya cikin masu karɓar albashi, amma hukuncin takardar nan yana hawa kanta kamar yadda yake hawa kansa, har da ƙari, saboda shi idan ya sauka yakan tarar da aikinsa da muƙaminsa suna jiransa, ita kuwa nata aikin a baya ta baro shi, ta sauka baƙon gari hannu rabbana. Mun ce mata ne don kusan 9 cikin 10 na abokan auren sojojin mata ne, amma akwai maza da matansu ke sanye da kaki, kuma dokokin da za mu ambata sun haɗa da su.

Binciken da Ma'aikatar Tsaro ta yi a 2021 ya nuna cewa kashi 21 cikin 100 na matan sojoji masu neman aiki ba su samu ba, adadin da ya ninka na sauran jama'ar ƙasar sau da yawa, wanda kuma ya yi shekaru yana nan kusan inda yake. Ba jahilci ne ya jawo haka ba, don akwai malaman makaranta da nas-nas da akantoci da lauyoyi a cikinsu. Mai kamfani ne yakan duba takardarta, ya ga ta yi aiki a jihohi huɗu cikin shekara 10, ya ga adireshinta na bariki ne, sai ya lissafa cewa kafin ta gama sanin kan aikin an sake ɗauke su. Ga kuma wasu barikokin da aka kafa nesa da gari, kamar Fort Irwin da ke cikin hamadar Mojave, wanda gari mafi kusa da shi, Barstow, yana da nisan kimanin kilomita 60, inda babban mai ɗaukan ma'aikata shi ne gwamnati kanta. Saboda haka hankalin matan nan ya karkata ga aikin gwamnatin tarayya, wadda take da ofis a duk inda take da bariki, tana da asibitoci da kantuna da gidajen renon yara, da makarantu kimanin 160 na 'ya'yan sojoji a gida da waje.

Amma ƙofar aikin gwamnati a Amurka tana da tarihin da ya sa ba a buɗe ta da sauƙi. A zamanin da, duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta raba muƙamai ga magoya bayanta, har ranar 2 ga Yuli 1881 da wani mai suna Charles Guiteau, wanda ya daɗe yana zarya neman muƙami bai samu ba, ya harbi Shugaba James Garfield a tashar jirgin ƙasa ta birnin Washington, shugaban ya yi jinya ya mutu a watan Satumba. Wannan musiba ce ta ingiza Majalisa ta zartar da dokar Pendleton a 1883, wadda ta kafa asalin cewa cancanta da gasa su ne hanyar shiga aikin gwamnati, kuma tun daga lokacin, duk wani fifiko da za a ba wani rukuni na mutane sai an kafa masa hujja. Hujjar tsofaffin sojoji ba ta yi wuyar karɓuwa ba, dokar 1944 ta ba su ƙarin maki 5 ko 10 a jarrabawa, ta kuma haɗa da matar wanda ya nakasa har ba ya iya aiki, da matar mamacin da ba ta sake aure ba. Matar sojan da yake raye yana bakin aiki kuwa ba a kula da ita ba, don a tunanin wancan zamani aikinta shi ne gida da hidimar bariki, musamman idan mijinta hafsa ne.

Abin da ya sauya lissafi shi ne daina ɗaukan soja na dole a 1973. Da aikin ya koma na sa-kai, sai rundunar ta cika da magidanta, manyan hafsoshi kuma suka lura cewa ƙwararren da aka kashe dukiya wajen horar da shi yakan ajiye aiki idan gidansa ya gaji. Dokar iyalan sojoji ta 1985 ita ce ta fara ba matar da ta bi mijinta zuwa sabon wuri fifiko a ayyukan farar hula na Ma'aikatar Tsaro. Duk da haka tsohuwar ɗabi'a ba ta mutu nan take ba, don a 1987 matan wasu hafsoshi biyu a sansanin sojojin sama na Grissom, a jihar Indiyana, sun fito sun bayyana cewa an matsa musu su bar ayyukansu don kada a tauye ci gaban mazajensu, abin da ya kai ga Ministan Tsaro Caspar Weinberger ya fitar da umarnin hana kwamandoji tsoma baki cikin aikin matar soja.

A nan ya kamata mai karatu ya rarrabe abu biyu waɗanda ake yawan cakuɗa su, har su kansu matan sukan ruɗe. Na farko shi ne fifikon nan na Ma'aikatar Tsaro. Ma'anarsa, idan matar ta shiga gasa kamar kowa, aka tace masu nema, ta fito cikin waɗanda suka fi cancanta, to, ita za a gabatar a kan sauran, sai fa idan akwai tsohon soja mai nasa fifikon. Amma an kewaye shi da sharuɗɗa: aikin ya kasance a yankin da aka kai mijin, tana iya fara nema kwana 30 kafin ranar da zai kama aiki, kuma idan aka yi mata tayin aiki na dindindin, ko ta karɓa ko ta ƙi, fifikonta na wannan taransifa ya ƙare. Na biyu shi ne umarni mai lamba 13473 da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Satumba 2008, ya fara aiki a 2009, wanda ya halatta wa kowace ma'aikata ta tarayya ta ɗauki matar soja ba tare da ta bi ta gasar jama'a ba, in dai tana da ilimi da ƙwarewar da gurbin ke bukata. Da fari ya taƙaitu ga wadda ta bi mijinta taransifa, da matar wanda aka tabbatar nakasarsa ta kai kashi 100, da matar wanda ya mutu a bakin aiki muddin ba ta sake aure ba, sa'an nan a 2018 Majalisa ta faɗaɗa shi ga matar duk sojan da ke bakin aiki.

To, wannan umarni na biyu, idan muka auna shi da ma'aunin malaman fiƙihu, hukuncinsa halacci ne, bai kai wajibi ba. An ce wa shugaban ofis yana iya ɗauka, ba a ce lalle ya ɗauka ba, kuma sanannen abu ne cewa ma'aikacin gwamnati, a kowace ƙasa yake, idan aka ba shi zaɓi tsakanin hanyar da ya saba da wadda zai koya sabuwa, wadda ya saba zai bi. Shi ya sa Shugaba Donald Trump a Mayu 2018 ya sake wani umarni yana neman ma'aikatu su riƙa amfani da wannan dama, su kuma ba da rahoton adadin waɗanda suka ɗauka kowace shekara, Shugaba Joe Biden kuma ya ƙara nasa a Yuni 2023. Idan shugabanni uku na jam'iyyu biyu suka sa hannu a kan magana guda cikin shekara 15, alhali adadin marasa aikin bai gusa ba sai kaɗan, wajibi ne a tambaya ko maganin yana taɓa inda ciwon yake.

Ita matar da ta ƙudura neman aikin, hanyarta ta shafin intanet ce mai suna USAJOBS, inda ake tallan guraben gwamnati, kuma kowane talla yana bayyana rukunin mutanen da aka yarda su nema. Sai ta duba ko an ambaci matan sojoji, ta haɗa takardar shaidar aure da takardar taransifar mijinta, da takardar da ke nuna muƙaminta na baya idan ta taɓa aikin gwamnati, kuma rashin ɗaya daga ciki ya isa a jefar da buƙatarta ba tare da an karanta sauran ba. Daga nan sai haƙuri. Gwamnati ta ɗora wa kanta kwana 80 a matsayin wa'adin kammala ɗaukan ma'aikaci, amma a aikace abin yakan kai kimanin kwana 100, ya wuce haka nesa idan gurbin yana bukatar binciken sirri a kan mai nema. Wanda zai zauna gari shekara 30 ba zai ji wannan jinkiri ba. Ita da ke da wata 24 ko 36, ta ga an cinye mata wani yanki mai girma kafin ta zauna a kujera.

Babbar illar ma tana gaba, bayan an shiga. An gina aikin gwamnati don mai daɗewa. Matakan albashi 15 ne, kowanne yana da tsani 10, kuma hawa daga tsanin farko zuwa na goma yana cin shekara 18. Sabon ma'aikaci yana shekarar gwaji wadda korarsa a cikinta ba wuya, tabbatarwa cikakkiya sai bayan shekara 3, haƙƙin fansho kuma sai an cika shekara 5. Matar soja takan cika shekara 2 tana gab da ƙarin girma, sai takarda ta zo, ta ɗauki hutu ba albashi ta tafi, ta tarar a sabon wurin babu gurbi a matakinta, ta karɓi na ƙasa da shi don kada zaren aikinta ya tsinke. Lamarinta kamar na itacen da ake tumɓukewa ana sake dasawa duk bayan damina biyu ne, yana raye amma ba ya kai wa ga 'ya'ya. Masu sukan fifikon sukan ce an tauye haƙƙin sauran 'yan ƙasa, kuma maganarsu ba wofi ba ce, don mutumin garin da aka tsallake shi ma yana da iyali. Amma a fiƙihu wanda ya jawo hasara shi ake ɗora wa lamuninta, kuma a nan gwamnati ce da kanta ta rubuta takardar da ta raba matar da aikinta, don maslahar tsaron kowa. Abin da take bayarwa ramuwa ce, ramuwar ma ba ta cika ba.

Matakan da suka fi dacewa da ciwon, a ganina, su ne na baya-bayan nan, waɗanda suke neman aikin ya bi matar duk inda ta tafi. A Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisin koyarwa da jinya da wasu sana'o'i, kusan kashi ɗaya cikin uku na matan sojoji masu aiki kuwa irin waɗannan sana'o'in suke yi, don haka kowace taransifa tana nufin sabon kuɗi, wani lokaci da sabuwar jarrabawa. Malamar makarantar gwamnatin jiha a Nijeriya wadda aka ɗauke mijinta daga Kaduna zuwa Inugu ta san ɗanɗanon irin wannan shinge. A Janairu 2023 aka sa hannu a dokar da ta wajabta wa jihohi su karɓi lasisin da matar soja ta zo da shi daga wata jiha, ban da na lauyoyi a lokacin. A Italiya, inda yarjejeniyar zaman sojojin Amurka ta daɗe tana hana iyalansu aiki a wajen bariki, sai a 2023 aka yarda su yi wa ma'aikatu da kamfanonin Amurka aiki ta kwamfuta daga gidajensu. A 2024 kuma Ma'aikatar Tsaro da ta Harkokin Waje suka ƙulla yarjejeniyar da ta sauƙaƙa wa ma'aikaciyar gwamnati ta riƙe kujerarta ta gida alhali tana zaune tare da mijinta a wata ƙasa.

Sai dai mafi yawan wannan sauƙi a kan umarni da takardun ofis yake tsaye, waɗanda alƙalami guda yake iya sauyawa. Ranar 20 ga Janairu 2025 sabuwar gwamnati ta dakatar da ɗaukan ma'aikata, ta kuma umarci kowa ya koma ofis, abin da ya jefa matan da ke aiki daga nesa cikin zullumi, don ofishin wata yana Washington ita kuwa tana Koriya ta Kudu. A watan Fabrairu Ofishin Kula da Ma'aikata ya fitar da takarda ya keɓe matan sojoji daga wannan umarni. A cikin watan nan ne kuma aka sallami dubban ma'aikatan da ke shekarar gwaji, rukunin da yawan sauya gurbi yakan mayar da matar soja cikinsa ko da ta daɗe tana yi wa gwamnati aiki. Ita kanta damar da aka faɗaɗa a 2018, a matsayin ta wucin gadi aka fara kafa ta, sai da Majalisa ta sake waiwayarta ta sabunta ta.