Ƙarin Wa'adi a Ƙarar Neman Duba Matakin Hukuma

Idan wata hukuma ta yanke shawarar da mutum yake ganin ta saɓa wa doka, yana da ikon roƙon babbar kotu ta duba wannan mataki, ta rushe shi in ya cancanta. Sai dai wannan ƙofa ba ta daɗewa a buɗe. A Ingila, inda Nijeriya ta gaji wannan tsari, ƙa'idar ita ce a shigar da ƙara ba tare da jinkiri ba, kuma kada a wuce wata 3 daga ranar da abin ya auku. Ƙa'idojin Babbar Kotun Tarayya ta Nijeriya su ma wata 3 suka ƙayyade.

Dalilin gajarta wa'adin shi ne aikin hukuma ba ya tsayawa. Da zarar an yanke shawara, akan kashe kuɗi, a raba muƙamai, a ƙulla kwangiloli bisa gare ta. Rushe ta bayan shekaru yakan cuci waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

Duk da haka alƙali a Ingila yana da ikon ƙara wa'adi idan an kawo masa hujja mai ƙarfi. Yakan auna tsawon jinkirin, da dalilinsa, da muhimmancin maganar ga jama'a, da ɓarnar da ƙarin zai jawo. Masu ƙara da hukuma ba su da ikon ƙara wa kansu lokaci ta hanyar yarjejeniya.

Samun ƙarin wa'adi kuwa ba shi ne samun biyan bukata ba. Shari'ar Caswell ta nuna haka. Wasu makiyaya ne a Wales aka ƙayyade musu yawan madarar da za su sayar a 1985, ba su kai ƙara ba sai 1987. An ba su izinin shigar da ita, aka kuma tabbatar cewa hukumar ta yi wa doka gurguwar fahimta. Amma a 1990 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ƙi rushe shawarar, domin yin haka zai sa a sake duba rabon shekarun baya, aiki ya dagule.

Saboda haka wajibi ne ma'aikaci ya rubuta ranar kowace shawara, ya kuma sanar da wanda ta shafa da wuri. Shi kuma wanda aka ƙwara ya tuna cewa gaskiyarsa ba za ta hana kwanaki ƙarewa ba.