Shin Ko Kun San? Injin Wanki, Injin Feshi Da Ruwan Kulorin A Bakin Iyakar Jibiya

Mai bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Magamar Jibiya ba zai rasa ganin abubuwa uku ba: samari masu wanke manyan motoci da injin, manomi goye da injin feshi, da kantuna masu sayar da Hypo da gwangwanin maganin sauro. Kowanne cikinsu akwai wanda ya ƙirƙiro shi, kuma yawancinsu an taɓa yi musu takardar mallakar ƙirƙira. Ga kaɗan daga labarinsu.

Shin ko kun san takardar mallakar ƙirƙira shekara 20 take yi? Haka dokar Najeriya ta 1970 ta tanada. Yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da mai ƙirƙira: shi ya bayyana yadda abin yake aiki dalla-dalla, ita kuma ta hana kowa ƙera shi ko sayar da shi sai da izininsa. Wa'adi na cika, fasahar ta zama ta kowa.

Shin ko kun san takardar da aka bayar a Abuja ƙarfinta a Jibiya yake ƙarewa? Da an tsallaka zuwa Ɗan Isa ta Nijar wata doka ke aiki. Nijar tana cikin ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta OAPI mai ƙasashe 17, wadda hedikwatarta ke Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Rajista guda a can tana aiki daga Maraɗi har Dakar. Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, wato duk maƙwabtan Najeriya ta tudu, suna ciki, ita kuwa ba ta ciki.

Shin ko kun san wanda ya shigar da takardarsa a Najeriya yana da wata 12 ya shigar da ita a Yawunde, a lissafa masa daga ranar farko? Wannan gata ne na yarjejeniyar Paris ta 1883, wadda Najeriya da Nijar duk suka shiga.

Shin ko kun san cuta ba ruwanta da shingen kwastan? A watan Yulin 2018 kwalara ta ɓulla a yankin Madarumfa na jihar Maraɗi, kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna marasa lafiyar farko daga Jibiya aka kai su asibiti a can. Kafin ta lafa ta kama mutum fiye da 3,500 a Nijar. A 2021 kuma Najeriya ta lissafa sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu. Jama'a ɗaya ce, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya, don haka tsaftar ruwan wannan gefe lafiyar wancan ce.

Shin ko kun san babban makamin yaƙi da kwalara ya haura shekara 200? Carl Scheele na Siwidin ya gano sinadarin kulorin a 1774. A 1789 Claude Berthollet ya haɗa ruwansa a unguwar Javel ta birnin Paris, sunan da har gobe ake kiran ruwan da shi a kantunan Maraɗi. A 1799 Charles Tennant na Gilasgo ya sami takardar mallakar garin kulorin, wanda ake iya zubawa a ganga a kai shi nesa.

Shin ko kun san wanke hannu da ruwan kulorin ya ceci masu jego tun kafin a tabbatar ƙwayoyin cuta ne ke jawo ciwo? A asibitin Biyana, likita Ignaz Semmelweis ya wajabta shi a watan Mayun 1847. Mace-macen masu haihuwa, da suka kai kashi 18 cikin ɗari a Afrilu, suka sauko kusan kashi 2 a watan Yuni.

Shin ko kun san wahalar ba a samun sinadarin take ba, a auna shi take? Birnin Jersey na Amurka ya fara zuba kulorin a ruwan famfo ba yankewa a 1908. A 1910 likitan soja Carl Darnall ya ƙera na'urar sa iskar kulorin cikin ruwa, a 1913 kuma Charles Wallace da Martin Tiernan suka kafa kamfanin ƙera na'urorin da ke sakin ta daidai gwargwado. Kamar gishiri ne a miya: ya yi kaɗan bai yi aiki ba, ya yi yawa ya ɓata.

Shin ko kun san kowane aiki da awonsa? A ruwan sha ana son ragowar kulorin ta kai rabin miligiram a kowace lita bayan minti 30. A sansanin masu kwalara kuwa haɗi uku ake yi: kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, kashi 0.2 na goge ƙasa da gadaje, kashi 2 na amai da bayan gida. Tsakanin na farko da na ƙarshe ninki 40 ne. Wanda ya zuba da ka, ko ya ƙona hannu ko ya bar cuta da ranta.

Shin ko kun san haɗa Hypo da ruwan wanke masai mai asid yana tayar da iskar kulorin, irin wadda aka yi yaƙi da ita a Ypres ta Beljiyam a 1915? Tana shaƙe numfashi, tana ƙona huhu. Iyayenmu mata da masu aikin shara a asibitoci da makarantu, don Allah kowane sinadari a yi aiki da shi shi kaɗai, taga a buɗe.

Shin ko kun san akwai famfon awon sinadari da ba ya bukatar lantarki? Kamfanin Dosatron na Faransa, wanda aka kafa a 1974, yana ƙera shi. Ƙarfin ruwan da ke wucewa ne ke motsa fistin ɗin ciki, ya zuƙo magani daidai da yawan ruwan. Ruwa ya ƙaru, magani ya ƙaru. Ruwa ya tsaya, shi ma ya tsaya. Gidajen kaji da gonakin rani suna cin moriyarsa a ƙasashe da yawa.

Shin ko kun san da gishiri da ruwa da hasken rana ana iya yin ruwan kulorin a ƙauye? Na'urar WATA, wadda gidauniyar Antenna ta Janeba ta samar, tana ratsa lantarki cikin ruwa lita guda mai giram 25 na gishiri, ta fitar da ruwa mai kulorin giram 6 a lita. Faifan sola ya ishe ta.

Shin ko kun san ɓarnar sabulu ce ta haifi akwatin sabulun bango? Jerry Lippman da matarsa Goldie sun kafa kamfanin Gojo a Akron ta Amurka a 1946, suna yin sabulun cire baƙin mai. Masu gareji suka ga yana musu tsada saboda ma'aikata na ɗibar fiye da kima. Sai Lippman ya ƙera akwatin da ke sakin ɗan daidai a kowane latsawa, ya sami takardarsa a 1952.

Shin ko kun san bokitin nan mai famfo da muka gani a ƙofar asibitoci da makarantu lokacin Ebola a 2014 da korona a 2020 wata 'yar Ghana ce ta ƙirƙiro shi? Veronica Bekoe, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwajen lafiya, ta yi shi a shekarun 1990 don a daina tsoma hannuwa cikin kwano guda. Sunanta ne ya bi bokitin, kuma yau kowane mai walda yana iya haɗa ƙafarsa.

Shin ko kun san injin da ke ɓamɓare laka daga tayar tirela yana da tarihi a Jamus? A 1950 Alfred Kärcher ya ƙera injin wanki mai ruwan zafi da matsi na farko a Turai. Sirrinsa matsa ruwa ta ƙaramar kafa, shi ya sa yake aiki da ruwa kaɗan idan an kwatanta da sakin tiyo.

Shin ko kun san sauro ne ya yayata gwangwanin feshi? Erik Rotheim na Norwe ya yi rajistar dabarar a ƙarshen shekarun 1920. A 1941 Lyle Goodhue da William Sullivan suka yi ƙaramin gwangwani, wanda sojojin Amurka suka yi ta fesawa don kare kansu daga zazzaɓin cizon sauro a yaƙin duniya na biyu. Bawul mai arha na Robert Abplanalp, na 1949, shi ya kai shi kowane kanti.

Shin ko kun san kakan injin feshin da manoman madatsar ruwan Jibiya ke goyawa a gonakin inabi aka haife shi? Victor Vermorel na Faransa ya ƙera shi a shekarun 1880 don yaƙar cutar ganyen inabi.

Shin ko kun san wani lokaci mafi kyawun awon magani shi ne kada a sa ko ɗigo? A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari na DDVP, wanda ke cikin fiya-fiya. Buhun PICS mai ruɓi uku, aikin Jami'ar Purdue ta Amurka da aka gwada tare da cibiyar INRAN ta Maraɗi, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska kawai. Kamfanin Lela Agro na Kano yana yin sa.

Shin ko kun san miliyoyin takardun ƙirƙira suna intanet kyauta, da zanensu, a shafuka irin su Patentscope da Espacenet? Waɗanda wa'adinsu ya cika halal ne ga kowa. Ɗalibin Kwalejin Hassan Usman ta Katsina, ko na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, yana iya ɗauko tsohon zane, ya zauna da maƙeri su fitar da na'urar awon kulorin da ta dace da rijiyar burtsatsen garinsu.

Wanda kuma Allah ya ba shi sabuwar dabara, ya fara da rajista kafin ya ɗora bidiyonta a Facebook ko TikTok, domin abin da aka riga aka bayyana wa duniya doka ba ta ɗaukar sa sabo. Hukumar NOTAP da ke Abuja, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa 'yan Najeriya su shigar da takardunsu. In kuma kasuwarsa za ta kai Maraɗi, ya tuna da Yawunde kafin wata 12 su cika.