An Ƙara RAM, Gem Ya Fara Rufe Kansa: Ina Matsalar Take?

Mai kwamfuta da ke da RAM mai 8GB yakan ga EA Sports FC 24 na jan ƙafa, tunda kamfanin da ya yi shi 12GB ya ba da shawara. Sai ya nufi kasuwa, ya sayo wata sandar 8GB, sabuwa ko ta hannu, ya soka. Kwamfuta ta tashi lafiya, Windows ya nuna 16GB. Ana tsakiyar wasa sai gem ya rufe kansa ba sallama, ko allo ya koma shuɗi da rubutun MEMORY_MANAGEMENT ko IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Da yawa kan zargi gem ɗin, su goge shi su sake saukewa, data ta ƙone a banza, matsala tana nan.

Abin da ke rikita mutane shi ne komai na aiki in ban da gem. Dalili kuwa, buga wasiƙa ko kallon YouTube ba sa taɓa ko rabin RAM. Manyan wasanni irin su GTA V ko Warzone su ne ke cika ta, su yi ta rubutu da karatu a cikinta sa'o'i, ga zafi na ƙaruwa. Kuskure ɗaya tak a wurin da gem ya ajiye umarninsa ya isa ya kayar da shi.

Babban wanda ake zargi shi ne gudu. Sandar DDR4 da aka rubuta wa 3200 a kwali sau da yawa takan tashi ne a 2133 ko 2400, gudun da ƙungiyar JEDEC ta tsara. Sai an shiga BIOS an kunna XMP, tsarin Intel, ko, idan sandar DDR5 ce, EXPO da AMD ta fito da shi a 2022, kafin ta kai abin da ke kwalin. Kunna shi na nufin ƙarin wuta: daga volt 1.2 zuwa 1.35 a yawancin DDR4. Kuma tura RAM ne fiye da ma'auninta na asali, ba kowace furosesa ke jurewa ba. Wanda ya cika gurabe huɗu da DDR5 ya fi shan wuya, domin a Ryzen 7000 AMD ta lamunce gudun 5200 ne da sanduna biyu, da huɗu kuwa 3600 kawai. Don haka gwajin farko ba ya cin ko sisi: a kashe XMP, a buga gem na awa biyu. Idan ya zauna lafiya, an kama ɓarawo. Daga nan a sabunta BIOS, ko a rage gudun kaɗan, misali daga 3600 zuwa 3200.

Sai batun gauraya. Sanduna biyu na iya zama kamfani ɗaya, girma ɗaya, amma ƙwayoyin da ke jikinsu ɗaya na Samsung ne, ɗaya na SK Hynix ko Micron, lokutan amsawarsu kuma sun bambanta. Kamar shanun huɗa ne da aka haɗa mai sauri da mai nawa a karkiya ɗaya. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna bayanin kowace sanda a shafin SPD. Masu tsofaffin laptop na hannu kuma su duba harafi guda: DDR3 na cin volt 1.5, DDR3L na cin 1.35, kuma akwai injinan da L kaɗai suke karɓa.

Wani lokaci abin bai kai nan ba. Sanda ce ba ta zauna daidai ba, ko ƙurar hunturu ta shiga gurbin. A kashe kwamfutar, a zare waya daga soket, a cire sandar, a hure gurbin, a mayar har maƙallan su yi ƙas. A madabod mai gurbi huɗu, sanduna biyu yawanci na zama ne a A2 da B2, wato na biyu da na huɗu daga furosesa.

Idan duk an yi wannan gem bai daina faɗuwa ba, sai gwaji na gaske. Windows na da nasa, ana kiran sa da rubuta mdsched, amma yakan tsallake ƙananan kurakurai. MemTest86 ya fi shi tsanani: a ɗora shi a filasha, a tayar da kwamfuta da shi, a bar shi ya yi zagaye huɗu, abin da kan ɗauki sa'o'i, don haka a tanadi wuta ko inbata. Ko kuskure ɗaya ya fito, akwai matsala. Sai a gwada sanduna ɗaya bayan ɗaya a gurbi guda. Wadda ta faɗi ita kaɗai, da XMP a kashe, ta lalace, a mayar wa mai shago. Idan kowacce ta ci amma tare sun faɗi, rashin jituwa ne, a nemi saiti guda da aka gwada tare a masana'anta.

Akwai wutsiyar da ake mantawa. Duk fayil da aka sauke ko aka sabunta lokacin da RAM ke kuskure yana iya zama gurɓatacce, sai gem ya ci gaba da faɗuwa bayan an gyara. A Steam akwai maɓallin tantance fayilolin gem, wanda ke sake sauke waɗanda suka lalace kaɗai. Na Windows kuma umarnin sfc /scannow ne ke duba su.