Labarin Wutar Lantarki Da Ake Samu Daga Laka Da Ƙazanta

Ya ku malamai da fatake, ku sani a cikin laka da ruwan kwata akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, ana ce da su bakteriya. Masana sun tabbatar ana iya samun lantarki daga gare su.

Asalin al'amarin a Ingila ne. A shekarar 1911 wani shaihin malami na Jami'ar Durham, mai suna Potter, ya lura cewa idan waɗannan halittu suna cin abinci, lantarki kaɗan yana fita. Mutane ba su kula ba, aka bar maganar shekaru da yawa. A 1987 Derek Lovley ya samo wani irinsu a lakar kogin Potomac na Amurka, wanda yake numfashi da tsatsar ƙarfe kamar yadda mu muke numfashi da iska. Daga nan bincike ya farfaɗo.

Ga yadda ake yi. Akan sami tukunya mai ɗaki biyu. A ɗaki na farko a zuba ƙazantar ruwa, a sa allon gawayi, a toshe kada iska ta shiga. Halittun su manne wa allon, suna cin daudar, suna zuba masa lantarkin da ya fito daga abincinsu. Lantarkin ya bi waya zuwa allo na biyu wanda iska ke bugu. A kan hanyarsa ne yake kunna fitila.

A birnin Bristol, a 2013, Ioannis Ieropoulos da abokan aikinsa sun yi cajin wayar hannu da bawali ta wannan hanya. A 2017 suka kai dabarar wata makarantar 'yan mata a Kisoro, ƙasar Uganda, aka haskaka makewayi da ita, domin yara su fita da dare ba fargaba.

Amma kada ɗan kasuwa ya yi gaggawa. Tukunya ɗaya ƙarfinta bai kai na batirin tocila guda ba, sai an jera da yawa, kuma kayan haɗinta da tsada. Ba za ta juya injin niƙa ba. Babbar fa'idarta ita ce tana rage daudar ruwa, alhali injinan tace ruwan birane lantarki mai yawa suke sha. Wanda ya ce zai sayar muku da ita a madadin janareta, ku tambaye shi ƙwai nawa take kunnawa. Wassalam.