Akawu, Kwamfuta Da Rabon Taki

Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda cikin 1929 akawu da littafinsa ba su rabu da harkar amfanin gona ba. A da, da yatsa yake bin layi yana ƙidaya. Yanzu littafin ya koma jadawalin Excel cikin kwamfuta, kowane manomi da layinsa: suna, gari, da abin da ya shuka.

A ce ƙungiyar manoma za ta raba takin zamani, ana son adadin mutanen Zurmi. Sai akawu ya ba da umurnin COUNTIF, ya nuna jerin garuruwa, ya rubuta "Zurmi". Nan take adadi ya fito. In sharaɗi biyu ne, watau mutumin Shinkafi kuma mai noman gero, sai COUNTIFS.

Amma fa kwamfuta abin da aka rubuta take ƙidayawa. In an rubuta wa wani "K/Namoda" maimakon "Ƙaura Namoda", tsallake shi za ta yi, a sayo buhuna ba nasa. Saboda haka akawu ya tsai da rubutu iri ɗaya. Manomi kuwa ya sa a karanta masa layinsa tun damina ba ta faɗi ba.